Darasin Kimiyya: Yadda Ake Gane Zoben Aure na Ainihi

Ya ku ɗalibai, sau da yawa iyali kan kashe maƙudan kuɗi wajen sayen zoben aure, bayan wata biyu ya kode, a tarar ashe jan ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal. A wannan darasi za mu ga yadda kimiyya ke kare mai saye daga irin wannan asara.

Zinariya tsantsa, wato mai karat 24, tana da laushi ƙwarai, tana saurin lanƙwashewa. Saboda haka maƙera kan gauraya ta da azurfa da jan ƙarfe domin ta yi ƙwari. Lambar da ake bugawa a cikin zobe tana nuna yawan zinariya cikin kashi 1000: 916 ita ce karat 22, 875 karat 21, 750 kuwa karat 18.

Sai dai lamba ana iya buga ta a kan ƙarya. Nauyi shi ne shaida mafi ƙarfi. Masanin Girka Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gano cewa abin da aka nutsar a ruwa nauyinsa kan ragu daidai da nauyin ruwan da ya ture.

Ga gwajin. A auna zobe a kan sikeli mai nuna ɗigon giram. Sannan a rataye shi da zare cikin ruwa, a sake aunawa. A raba nauyin farko da bambancin da aka samu. Zinariya tsantsa kan ba da 19.3, mai karat 18 kimanin 15.5, azurfa 10.5, jan ƙarfe 8.9.

Misali: zobe ya yi giram 6.2, a ruwa kuma 5.8. Bambanci 0.4 ke nan. In aka raba, a sami 15.5, wato karat 18.

A lura: gwajin ba ya aiki ga zobe mai dutse ko mai rami a ciki. Haka kuma ƙarfen tangistin nauyinsa kusan ɗaya ne da na zinariya, don haka ana iya yin algus da shi.

Aikin gida: An buga 916 a kan wani zobe mai giram 7.1, a ruwa kuma ya yi 6.3. Wace shawara za ka ba mai saye?