Amsoshin Wasiƙunku: Ina Farantin Sola Zai Fuskanta?

Jama'a masu sauraro, wasiƙu sun taru, lokaci kuwa ba ya jira, sai mu fara da ta wani malami daga Ƙanƙara, wanda ya sayo farantin sola a Funtuwa, aka kafa masa shi yana duban gabas domin ya tari rana tun hudowarta, amma har yau batir bai taɓa cika ba. To, Allah ya gafarta Malam, kudu ya kamata ya duba. Hujja kuwa ita ce, ƙasar nan tamu ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa tana arewa da tsakiyar duniya da digiri 11 zuwa 12, saboda haka a galibin watannin shekara rana takan karkata ta kudu da mu, faranti mai duban gabas kuwa, ko da ya ƙoshi da hantsi, hasken la'asar yakan wuce shi.

Gane kudu ba ya bukatar na'ura, domin malamanmu na da, waɗanda suka san ilmin falaki, da sanda suke tantance zawali. A kafa sanda a miƙe a fili, a lura da inuwarta har ta kai matuƙar gajarta gab da shigar azahar. Inda ta kwanta a wannan sa'a, nan ne layin kudu da arewa. Na fi son a yi wannan a hunturu, lokacin da inuwar ke nuna arewa sosai, domin wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta rana kan tsaya bisa kai har inuwar ta kusa ɓacewa. Sa'an nan a ɗaga gefen arewa na farantin kamar taƙi guda a kowace mita, wato digiri 12 zuwa 15, kada a shimfiɗe shi, don ruwan damina ya riƙa gangarewa da datti.

Wata baiwar Allah daga Daudawa ta ce wutarta ta ragu tun shigowar hunturu. Kai, jama'a, wannan tambaya dai kullum sai ta dawo! Ƙura ce, Hajiya. A sa yaro ya goge gilashin da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, ba da tsakar rana ba lokacin da ya ɗau zafi.

Ga kuma wani mai sana'ar cajin waya daga Sabuwa, yana cewa ai reshe ɗaya ne kawai na darbejiya ke yi wa farantinsa inuwa. Ɗan'uwa, kada ka raina shi, domin 'yan gidajen nan da kake gani a cikin faranti a sarƙe suke da juna, idan inuwa ta rufe kaɗan daga cikinsu sai ƙarfin sauran ma ya faɗi. Ka sassabe reshen, amma don Allah ka bar itacen, muna bukatarsa. Kuma kada ka manna farantin da kwano, ka bar rata iska ta riƙa ratsawa, gama zafi na rage masa kuzari.

Mai tambayar wane kamfani ya fi nagarta, ba ma talla a wannan fili. Wanda ke tsoron ɓarayi kuwa, ya nemi mai walda ya yi masa keji na ƙarfe. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.