Abin Da Manomi Zai Gano A Dutsen Kufena

Manomin Samaru ko na Basawa, in ya miƙe daga kan fartanya ya dubi wajen kudu, ya kan hango Dutsen Kufena tsaye bayan Wusasa. Da yawa sun tsufa suna kallonsa, ba su taɓa taka shi ba, gama a ganinsu hawan dutse aikin 'yan makaranta ne da baƙi masu ɗaukar hoto. Alhali kuwa wuni guda a can ya isa ya nuna wa mai gona abin da itace ke yi wa ƙasa, da abin da ke samunta bayan an sare shi.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan an kai amfani gida, watau cikin Nuwamba ko farkon Disamba, kafin hazo ya yi kauri. Wanda ya fito daga Sabon Gari ko Samaru sai ya nufi Ɗan Magaji, daga nan ya shiga Wusasa. A yi sammako, a riƙe gorar ruwa da sanda, a sa takalmi mai rufe ƙafa saboda kasa da kububuwa. Ladabi ne a gai da mutanen wurin, a nemi wanda ya san turba, domin hanyoyin duka na makiyaya ne da masu neman itace, wata ta kan kai mutum bakin gangare ta ƙare. A gefen dutsen za a ga sauran tsohuwar ganuwa, shaidar cewa mutanen Zazzau na farko sun zauna nan tun kafin birni ya kafu inda ya ke yanzu.

Darasi na fara tun daga gonakin da ke kewaye. Itatuwan da ke tsaye cikinsu ba su tsira da ka ba, zaɓe aka yi aka bar su: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, ɗinya, da rimi wanda aka san ƙasar Zazzau da shi. Ɗorawa ita ce babbarsu. Ta kan yi tutu wajen Fabrairu, 'ya'yanta su nuna cikin bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara sauka. Garinta abinci ne, kalwarta ita ce daddawar da a ke sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ɓawonta kuma shi ne makubar da a ke daɓe da ita. Kaɗanya ta kan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya. To, abin da ya kamata mai ziyara ya yi shi ne ya ƙirga manyan itatuwan da ke cikin gona guda, sa'an nan ya ƙirga ƙanana. Sau da yawa zai tarar tsofaffi ne kaɗai, ba ko ɗaya mai tasowa. Garmar shanu da bakin akuya sun gama da 'ya'yan. Ran da tsofaffin suka faɗi, gonar ta zama fili ke nan.

Da an matso gindin dutse sai a ga ciyayi sun yi duhu, itatuwa sun matsu da juna. Dalili shi ne, dutse ba ya shan ruwa. Ruwan da Samaru ke samu a shekara ya kan kai inci 40, watau wajen milimita 1,000, daga Mayu zuwa farkon Oktoba. Duk wanda ya sauka bisa falalen dutse gangarowa ya ke yi, ya taru a gindi. Inda akwai itace da busasshen ganye a ƙasa, ruwan ya kan rage gudu ya nutse. A tona da sanda a gani: ƙasar baƙa ce, mai taushi, cike da saiwoyi da kashin tana. A matsa gaba kaɗan inda aka share ƙarƙaf, a sake tonawa. Nan ja ce, mai tauri, wani wuri har marmara ta leƙo, ga kuma 'yan hanyoyin ruwa sun fara tsaga ta. Irin waɗannan tsagogi su ne ke girma su zama kwazazzabai kamar na bakin rafin Kubanni, waɗanda suka ci gonaki, yashinsu kuma ya bi ruwa ya kwanta cikin madatsar da Jami'ar Ahmadu Bello ke sha.

Can bisa kuwa itatuwan dabam ne. Gamji da danginsa su kan cusa saiwa cikin tsagar dutse inda ba ko tafin ƙasa. Irin wannan wuri shi ne mazaunin hano mai ɓawo kamar takarda, da kukkuki, da faru. Masu magani suna matsa wa hano da maɗaci ƙwarai. Saƙar ɓawo ba laifi ba ce in an ɗebi gefe guda an bar sauran ya warke. Amma wanda ya kewaye itace da wuƙa ya kashe shi, ko da ganyensa ya yi wata shida yana kore, domin ta cikin ɓawon ne abincin da ganye ya haɗa ke sauka wurin saiwa.

Manyan namun daji sun daɗe da barin kewayen Zariya. Abin da mai haƙuri zai iya gani, in ya zauna shiru da sassafe, shi ne kurege, da damo, da zomo, da fakara, da kazar dutse mai ɗaga wutsiya kamar 'yar kazar gida, da shaho yana shawagi. Kada a raina su. Shaho da mujiya su ke rage ɓerayen da ke ɓarnar gyaɗa da masara. Jemage kuma, wanda yara ke jifa, yana cikin masu kai ƙurar fure daga tutun ɗorawa zuwa wani da dare, ƙudan zuma su ɗora da safe. Inda aka kore su ɗorawa ba ta cika 'ya'ya sosai.

Daga ƙwanƙolin dutsen mutum zai ga birni da Tudun Wada da Sabon Gari, da gonaki iyakar ganin ido. Dā yawancin ƙasar nan dajin doka ce, da maje da ƙirya da marke da taura a tsakani. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta kafu, auduga da gyaɗa suka sami kasuwa. An buɗe gonar gwaji ta Samaru a 1922, jami'a ta zo a 1962, mutane suka yi ta ƙaruwa, kowane gida kuwa da murhu. Ƙirya ta tafi gawayi da turmi, marke ya tafi itacen girki. Yau motocin itace da na gawayi daga nesa su ke shigowa gari, kuɗin mota kuma yana kan mai saye.

Amma gatari bai kai wuta ɓarna ba, kuma a nan ne manomi ke da iko. A 1929 ma'aikatan daji sun ware filaye uku a Olokemeji, kusa da Ibadan. Ɗaya a kan ƙone shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, na uku kuwa ba a sa masa wuta. Bayan shekaru, wanda aka tsare ya koma kurmi, wanda a ke ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwa masu yawa, wanda a ke ƙonawa a makare ya zama ciyawa da 'yan itatuwa ƙalilan. Dalilin a fili ya ke. Cikin Nuwamba ciyawa na da sauran danshi, wuta ta kan bi ƙasa-ƙasa ta mutu da raɓar dare. Cikin Maris kuwa kome ya bushe ƙamas, itatuwa sun fara toho, wuta ta kan tashi sama ta cinye sabon ganye da ƙananan itatuwa gaba ɗaya. Yaran da ke cinna wa daji wuta don gafiya guda, yawanci a wannan mugun lokaci su ke yi. Gafiyar ba ta kai kuɗin kaɗanya ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da za a lura da shi a kan hanyar saukowa. Kututturen da aka sare, in an duba, da yawa ba su mutu ba. Doka da kalgo da taura da gwandar daji su kan sake toho daga gindi ko daga saiwa kowace shekara, manomi kuma ya sassabe su kowace shekara. A ƙasar Maradi, cikin Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 aka fara koya wa manoma su daina wannan. Sai mutum ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya riƙa gyara su. Da ya ke saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, tohon ya kan fi dashe saurin girma nesa, ba ya kuma bukatar ban ruwa. Da wannan dabara gonakin Maradi da na Damagaram suka sake cika da itatuwa, a ƙasar da ruwanta bai wuce rabin na Samaru da yawa ba.

Wanda ya koma gida da niyyar gwadawa, sai ya bi gonarsa tun yanzu kafin sharar gona, ya ɗaura tsumma a kan kututture goma ko goma sha biyar cikin kowace eka, a rarrabe, don kada inuwa ta danne dawa. Ya gaya wa 'ya'yansa da 'yan ƙodago abin da tsumman ke nufi. Ya datse da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, kada ɓawo ya tsage. Ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya share ciyawa kamu biyu ko uku kewaye da kowanne kafin wutar Maris. In kalwa ya ke so ya shuka, ya zuba mata ruwan zafi ya bar ta ta kwana a ciki, gama ɓawonta na da tauri, sa'an nan ya binne ta cikin Yuni bayan ruwa ya zauna.