Igiyar Mita 24 da Gunduwar Mita 72

Malam, ina aji uku na ƙaramar sakandare, bana zan zauna jarrabawar BECE. In aka ba ni lambobi zalla aka ce in nemo HCF, ba na wata-wata. Amma da an naɗe tambayar cikin labari sai kaina ya ɗaure, in rasa HCF ake nufi ko LCM. A gwajin makon jiya an ba mu igiya biyu, mai mita 18 da mai mita 24, a yanka su daidai wa daida ba saura, a faɗi iyakar tsawon kowace gunduwa. Na rubuta 72, malaminmu ya soke da jan biro. Ina mafita?

Ɗalibarka, daga Gusau

'Yata, sake duban amsarki. Doguwar igiyar mita 24 ce, ta ina gunduwa mai mita 72 za ta fito daga jikinta? Lissafinki bai kuskure ba, LCM ɗin ke nan, sai dai amsar wata tambaya ce daban. Amsar tambayarki 6 ce, wato HCF ɗin. HCF, wato lamba mafi girma da ke raba su duka ba saura, ba ya taɓa wuce ƙaramar lambar da aka ba ki, LCM kuma, wato lamba mafi ƙanƙanta da kowaccensu ke raba ta ba saura, ba ya yin ƙasa da babbar.

Kafin ki taɓa biro, tambayi kanki: rabawa ake yi, ko jira ake abu ya sake haɗuwa? Motoci biyu da ke barin tasha, ɗaya duk minti 12, ɗaya duk minti 18, za su sake tashi tare bayan minti 36. Wannan jira ne, aikin LCM.

Rabo kuwa kin san shi tun a gida. A ce ranar ɗaurin auren yayarki an kawo goro 84 da dabino 126, inna ta ce a ƙulla a leda, kowane ƙulli daidai da ɗan'uwansa, kada komai ya ragu, kuma ƙullin ya yi yawa iya yawa saboda baƙi. Farfasa su: 84 shi ne 2×2×3×7, 126 kuma 2×3×3×7. Abin da suka yi tarayya a kai 2×3×7 ne, wato ƙulli 42, kowanne goro biyu da dabino uku. Ni dai na fi son tsohuwar dabarar Yuklid, masanin Iskandariyya: cire ƙarama daga babba, ki yi ta yi har su zo ɗaya. 126 a cire 84, saura 42. 84 a cire 42, saura 42.

Kada ki dogara da haddar kalmomin Turanci irin "mafi girma" da "mafi ƙanƙanta", masu shirya tambaya sun san da wannan wayon. Wani tarkon nasu shi ne saura. In an ce wace lamba mafi girma za ta raba 50 da 74, kowacce ta bar saura 2, fara cire biyun, sannan ki nemi HCF na 48 da 72. Aiko mini da abin da kika samu.