Darasi Ga Iyaye: Yadda Malami Yake Buɗe Aji Da Safe

Tun shekarar 2015 dokar ƙasar Kwaddibuwa ta wajabta karatu a kan kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16. Firamare a nan aji shida ce, daga CP1 zuwa CM2, kuma da Faransanci ake koyarwa. A ofishin kariya mun lura cewa yaron da ya zo sabo yakan rikice ne tun a mintocin farko na safiya, saboda bai san tsarin da malami yake bi ba. Ga tsarin daki-daki, domin ku koya wa yara a gida.

1. Layi. Idan an buga ƙararrawa, kowane aji yana yin layi a ƙofarsa, a shiga da natsuwa. Ranar Litinin ana ɗaga tuta a rera taken ƙasa mai suna L'Abidjanaise. Yaro ya tsaya cik, ko da bai iya kalmomin ba tukuna.

2. Gaisuwa. Yara suna miƙewa su ce "Bonjour Monsieur" ga malami, ko "Bonjour Madame" ga malama, kuma ba sa zama sai an ce "Asseyez-vous", wato ku zauna. A tarbiyyarmu yaro yakan sunkuyar da kai ya yi ƙasa da murya a gaban babba. A aji kuwa malami yana so ya ji muryarsa. Ku gaya masa ɗaga murya a nan ba rashin kunya ba ne.

3. Kiran suna. Wannan shi ya fi shafar aikinmu. A rajista sunan iyali ake fara rubutawa, sannan sunan yaro. Yarinyar da ake kira Ladi a gida, ko yaron da ake ce wa Baba saboda ya ci sunan kakansa, zai iya jin sunansa na takarda da lafazin Faransanci ya yi shiru, sai a rubuta bai zo ba alhali yana zaune. Ku karanta masa sunan kamar yadda yake a takardar rajista, ku koya masa amsa: namiji ya ce "présent", mace ta ce "présente". Rajistar nan ce shaidar cewa yaronku yana zuwa makaranta, kuma da ita ake saurin gane yaron da ya daina zuwa.

4. Kwanan wata. Malami yana rubuta shi a saman allo, yara su karanta tare. Sunayen ranaku bakwai da ƙidaya daga 1 zuwa 31 sun ishi yaro ya shiga cikin masu amsawa tun makon farko.

5. Bitar karatun jiya. Malami yana yin tambaya, kowane yaro ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa, wanda ake kira ardoise, sai malami ya buga tebur kowa ya ɗaga. Da kallo ɗaya yake gane wanda ya fahimta da wanda aka bari a baya. Yaron da ba shi da allo da alli, malami ba zai san inda ya tsaya ba.

6. Shiga sabon darasi. Sau da yawa malami yana farawa da ɗan labari, misali mai sayar da lemo a kasuwar Adjamé da za ta ba da canji. Daga labarin ake fitar da lissafin ranar. Wanda ya shigo bayan an gama labarin zai ga lambobi a allo bai san daga ina suka fito ba.

Abin da ya rage gare mu

Da sanyin safiya ake kama fara. Duk mun san cunkoson gbaka da woro-woro a tashar Adjamé, da na gadojin da ke haɗa Treichville da Plateau. A shirya jaka tun da dare, a sa allo, alli da ɗan tsumman gogewa. Yaro ya ci wani abu kafin ya fita. 'Yan mata kada a tsayar da su wanke-wanke ko talla har a buga ƙararrawa.

A makon farko ku je ku gaida malami, ku shaida masa cewa yaron bai iya Faransanci ba tukuna, ku roƙi a zaunar da shi gaba ko kusa da yaron da ke jin yarensa. Idan ba ku jin Faransanci, ku sanar da mu, tafinta zai raka ku.

Ku sani kuma, tun 2009 ma'aikatar ilimi ta haramta dukan ɗalibi da horon wulaƙanci. Makara ba hujjar duka ba ce. Idan hakan ya faru, ku fara da daraktan makaranta ko kwamitin COGES, wanda iyaye ke da wakilai a ciki. In ba a saurare ku ba, ku zo ofishin kariya, ko ku kira 116, lambar kyauta ta taimakon yara.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani.