Adabin Turanci a Sakandare: Ku Buɗe Littafin Da Kanku

Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare a Karkarna, ko Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, idan ba ɓangaren kimiyya ya nufa ba, zai tarar da darasin adabin Turanci yana jiran sa. Yara da yawa tun kafin su ga bangon littafin gabansu ke faɗuwa, saboda sun ji yayyensu na cewa Turancin Shakespeare ba ya karantuwa. To amma mai burin karanta aikin lauya a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, da mai son digirin Turanci a Dutse ko Kafin Hausa, ba shi da hanyar kauce masa, don sai da kiredit a wannan darasi ake maganar gurbi. Saboda haka, 'ya'yana, gara mu yi maganar yadda za a tunkare shi.

Abin da ya fi kayar da ɗalibanmu shi ne 'yan ƙananan littattafan nan na taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta. Yaro zai haddace shafi goma na taƙaitaccen labari, ya shiga jarrabawa bai taɓa buɗe ainihin littafin ba. Ku dubi yadda WAEC ta tsara takarda ta farko: tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya, 20 daga ciki kuwa a kan wasan Shakespeare suke. Za a yanko muku wata magana daga tsakiyar wasan, a tambaye ku wa ya faɗe ta, wa yake gaya wa, a ina suke, me ya faru kafin nan. Wanda ya ji labari a bakin wani ba zai gane muryar mai magana ba. Gani ya kori ji. Littafin taƙaitawa yana da ranarsa, amma ranar tana zuwa ne bayan an karanta na ainihin, lokacin bita.

Kafin ku kashe ko sisi, ku je wurin malaminku ku ga jerin littattafan shekarar da za ku zauna jarrabawa, don ana sauya shi duk bayan shekara biyar. Waɗanda suka rubuta tsakanin 2016 da 2020 Othello suka karanta. Daga 2021 zuwa 2025 aka koma A Midsummer Night's Dream. Daga 2026 zuwa 2030 kuwa Antony and Cleopatra ne, tare da wasanni biyu na Ingila da za a zaɓi ɗaya a ciki, An Inspector Calls na J. B. Priestley da A Man for All Seasons na Robert Bolt. Littafin da yayanku ya bari a akwati ku karanta shi don ƙaruwa, amma kada ku ɗauka shi za a tambaya.

Matakin farko, ku san labarin da Hausa, sarai, har ku iya ba ƙanenku shi da dare. Ga na Antoni a gurguje. Bayan kisan Juliyas Kaisar, mutum uku suka raba mulkin daular Rum: Antoni, da Oktabiyas Kaisar, da Lepidus. Antoni ya sami gabas, ya je Masar, son sarauniya Kiliyofatra ya kama shi, ya tare a Iskandariya ya yi watsi da al'amuran Rum. Da matarsa Fulvia ta mutu, ga kuma Pompey yana barazana ta teku, dole ya koma gida. Don a ɗinke ɓarakar da ke tsakaninsa da Kaisar, sai aka aura masa Octavia, 'yar'uwar Kaisar ɗin. Auren bai riƙe shi ba, ya sake komawa Masar, yaƙi ya ɓarke. A gwabzawar teku ta Actium, shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa, jiragen Kiliyofatra suka juya baya ana tsakiyar fama, shi kuma ya bi ta, ya bar mayaƙansa. Daga nan al'amarinsa bai sake miƙewa ba. An kawo masa labarin ƙarya cewa ta mutu, ya faɗa kan takobinsa. Ita kuma, gudun kada a kai ta Rum a zaga gari da ita a matsayin ganima, ta sa aka shigo mata da maciji a cikin kwandon ɓaure. Ku sami farar takarda ku zana wa ke auren wa, wa ke yaron wa, wa ke gefen Rum, wa ke gefen Masar, ku rubuta sunayen daidai yadda suke a littafi, ku liƙa a bangon ɗaki. Wasan yana da fitowa fiye da 40, yana tsalle daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma wannan takarda ce za ta hana ku ɓata.

Sai karatun kansa, kuma a nan nake so ku fi ba ni hankalinku. Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ya rubuta wasanninsa ne don a yi su a gaban taron jama'a, cikinsu har da waɗanda ba su iya karatu ba. Karanta wasa a zuci kamar a rubuta maka waƙar Shata ne a takarda a hana ka jin kalangu. Ku haɗu ku biyar ko shida bayan la'asar, a inuwar darbejiyar makaranta ko a zauren gidan ɗayanku, 'yan mata a tsakar gida, ku raba 'yan wasa, kowa ya karanta nasa da ƙarfi. Ku gwada da kashi na biyu, fitowa ta biyar. Manzo ya iso daga Rum, Kiliyofatra ta yi masa alkawarin zinariya idan alheri ya kawo. Yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya furta cewa Antoni ya yi aure. Ta kai masa duka, ta ja gashinsa, ta zaro wuƙa, ya ranta a na kare. Can a kashi na uku an dawo da shi, tana tambayarsa amaryar: doguwa ce ko gajera, yaya muryarta, fuskarta doguwa ce ko zagayayya, wane launi ne gashinta. Shi kuma, da ya riga ya sha wuya, kowace amsa sai ya rage wa Octavia daraja. Duk wadda ta taɓa zama a gidan da aka yi wa uwargida kishiya ta san wannan zance ciki da bai. Ranar da kuka yi wannan fitowa da bakinku, kuka yi dariya a inda ya kamata, tsoron Turancin ya tafi, kuma ba za ku manta wa ya faɗi me ba.

Iyaye kan ji an ce wasan soyayya ne su ɗaure fuska, kuma ina ganin damuwarsu. Amma rabin wasan siyasa ce da amana. Ku lura da Enobarbus, babban na hannun daman Antoni. Da ya ga maigidansa ya rasa dabara, sai ya sulale ya koma wajen Kaisar. Antoni bai zage shi ba, ya tattara dukiyar da ya bari ya aika masa da ita har da ƙari. Wannan karamci shi ya karya zuciyar Enobarbus, baƙin ciki ya kashe shi. A ganina babu fitowar da ta fi wannan nauyi a wasan. Kashe kai da Rumawa ke ɗauka jarumta, mu addininmu ya haramta shi. Ɗalibi zai bayyana yadda mutanen wasan suka ɗauke shi ba tare da ya bi ra'ayinsu ba.

Kada ku tsaya a kan kowace kalma mai wuya, in ba haka ba shafi ɗaya zai cinye muku yini. Ku karanta fitowa ɗaya har ƙarshe, ku tambayi juna me ya faru, sannan ku dawo ku duba bayanin da ke ƙasan shafi. Wurin saye ku nemi bugun da ke da irin wannan bayani. Ku kuma riƙa karantawa har inda aya take, kada ku yanke numfashi a ƙarshen kowane layi, don sau da yawa jimla tana zarcewa zuwa layi na gaba.

Akwai jarin da kuke da shi wanda ba kwa lissafawa. A darasin Hausa an koya muku jigo da warwararsa, da salo, da zubi da tsari, da kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, da amsa-amo. Su ɗin ne dai ake nema a adabin Turanci. Ku raba shafin littafin rubutu gida uku: sunan dabara da Hausa, sunanta da Turanci, sai misali ɗaya daga littafin da kuke karantawa. Manyanmu ma sun bi ta wannan gada: marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wasan Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Wanda ya same shi a laburare ya karanta, zai ga yadda zancen Shakespeare ke zama a bakin Bahaushe.

Waƙoƙi kuma ba a cin su da gaggawa. Ku kwafe kowace da hannunku, ku karanta ta a bayyane sau da yawa, sannan ku amsa abu uku: wa ke magana, me ya gani ko ya tuna, a ina hankalinsa ya juya. Ku ɗauki Digging ta Seamus Heaney, mutumin Ailan ta Arewa, wadda ta fito a littafinsa na 1966. Mawaƙin yana zaune da alƙalami, ya jiyo mahaifinsa yana haƙa a ƙarƙashin taga, ya tuna shi a gonar dankali, ya tuna kakansa da ranar da ya kai masa madara a kwalba wurin aiki, sannan ya yanke cewa shi da alƙalami zai yi nasa aikin. Yaron Yankwashi da ya sha kai wa babansa fura gona, yanzu kuma yana zaune a aji yayin da ake huɗa, ya riga ɗan birni fahimtar wannan waƙa. Haka labarin Chaucer, wanda ya rasu a 1400, na zakaran da yanyawa ta yaba wa murya har ya rufe ido zai yi cara ta cafke shi, shi kuma ya zuga ta ta buɗe baki ya tsere: tatsuniya ce, kun san irinta tun kuna goye.

Gajerun labarai su ne abin motsa jini, domin a takarda ta farko akwai zube da waƙa da ba ku taɓa gani ba, tambaya biyar-biyar. Ku riƙa karanta labari ɗaya a mako. Tales from Shakespeare na Charles da Mary Lamb, wanda ya fito a 1807, ya mayar da wasanni 20 zuwa gajerun labarai cikin Turanci mai sauƙi. Babu Antoni a ciki, amma zai saba muku da duniyar marubucin.

Na san littafi yana da tsada, kuma ba kowane kanti a Kazaure ke ajiye shi ba. Ku yi karo-karo ku ba mai zuwa Kano ya sayo muku a Sabon Gari, kwafi biyu sun ishi mutum shida. Wasannin Shakespeare kyauta suke a intanet, a shafuka irin su Project Gutenberg. A sauke sau ɗaya a wayar yaya ko ta malami, ba sai an sake sayen data ba. Dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da gona ke neman kowa, don haka kada ku ɗora wa kanku abin da ba za ku iya ba: fitowa ɗaya bayan an taso daga gona ta wadatar. Ku gama wasan Shakespeare sau ɗaya kafin ƙarshen aji biyu, ku maimaita shi a aji uku tare da tambayoyin shekarun baya.

A zauren jarrabawa, takarda ta uku awa biyu da rabi ce, tambayoyi huɗu: wasan Afirka, wasan waje, waƙar Afirka, waƙar waje. Kowace kada ta wuce minti 35, saura na duba abin da kuka rubuta. Idan an ce ku tattauna halin wani ɗan wasa, kada ku kwashe labari daga farko. Ku faɗi halin a jimla ɗaya, ku kawo abin da ya yi ko ya faɗa a wata fitowa takamaimai, ku nuna yadda hakan ya tabbatar da maganarku, sannan ku wuce zuwa hali na gaba. Hujja huɗu ko biyar irin wannan sun fi shafi uku na ba da labari maki. Tun daga zangon farko na aji uku ku riƙa rubuta amsa ɗaya kowane mako, da agogo a gabanku, ku kai wa malami ya duba da jan biro.