Yadda Ake Tayar da Tsohon Keke Raleigh

Zamanin da kamfanin BCGA ke gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, manomin da ya karɓi kuɗinsa a fuloti yakan sa abu biyu a gaba: aure da keke. Keken kuwa in so samu ne Raleigh, mai tambarin zalɓe a goshi, wanda ake ƙerawa a Nottingham ta Ingila, daga baya kuma aka riƙa haɗa shi a Kano. Har gobe irinsu na nan jingine a zaurukan Bakori da Danja da Kafur, babur ya kore su daga hanya. Tsadar fetur ta sa wasu sun fara waiwayarsu. Mai wannan niyya ya riƙe ƙa'ida guda: kada ya yar da ƙarfen asali don kawai ya yi tsatsa.

Da firam ake farawa, domin in ya karkace duk abin da aka kashe asara ne. A ɗaura zare a inda tayar baya ke zama, a zagayo da shi ta wuyan keken, a komo ɗaya gefen. In tazarar zaren da bututun da sirdi ke kai ta zo daidai hagu da dama, firam na nan lafiya. Sai a duba mahaɗai, musamman ƙarƙashin sirdi da kusa da kariya, inda buhunan masara suka yi shekaru suna dannawa. Tsagewa a wurin aikin mai waldar gas ne. Waldar lantarki takan ƙone bututun, ta bar rami.

Daga nan sai kwancewa. A ɗiga kananzir a kowane noti a bar shi ya kwana. Fedar hagu baibai take, ana kwance ta ta ɓangaren da ake ɗaure sauran. Masu ƙarfin hannu da yawa sun kashe ta saboda rashin sanin haka. Ƙusar da ke riƙe hannun feda kuma, a sassauta notinta har ya yi daidai da kan ƙusar, a tokare hannun da guntun bututu daga ƙasa, sannan a buga da guduma bugu ɗaya mai nauyi. A shimfiɗa buhu a ƙasa, don boris ba ya jiran kowa.

Inda aikin ke da wuya shi ne neman kaya. Taya da tif ba matsala: girman 28 x 1½ ne, irin na Phoenix ɗan Sin da Hero ɗan Indiya, kuma masu kayan keke a kasuwar Funtua ko Sabon Gari ta Kano sun san shi. Haka sarƙa, robar birki, robar bawul da boris. Waɗannan kayan ci ne, a sayi sababbi ba tare da wani tunani ba. A tsakiya, inda feda ke juyawa, ƙwaya 11 ake zubawa kowane gefe, masu girman rubu'in inci.

Amma kofunan da ke riƙe boris ɗin nan, da notocin wuya, labarinsu daban. Raleigh na Nottingham yana yanka zarensa 26 a inci ɗaya, yawancin sauran kekuna kuwa 24 suke bi. Ido ba ya ganin bambancin. Sabon kofi zai shiga zagaye ɗaya ko biyu, ya cije, yaron mai gyara ya sa sifana ya danne, shi ke nan an cinye zaren firam. Saboda haka duk kofin da bai fashe ba, a wanke shi a mayar. Wanda ya mutu, magajinsa yana jikin wani mataccen Raleigh. A bi 'yan jari-bola kafin su auna shi a kilo, a leƙa buhunan tsofaffin masu gyara, waɗanda ba sa yar da ko washa. Sau da yawa sayen gawar keke sukutum ya fi sauƙi da bin kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a je kasuwa sai da tsohon ƙarfen a aljihu don gwadawa.

A ƙirga ramukan wili ma. Tsofaffin kekunan Ingila suna da waya 32 a gaba, 40 a baya, alhali da yawa daga cikin na yanzu 36 ne gaba da baya. Gargaren kuma ya zama mai tudu a tsakiya, irin wanda birkin sanda ke kamawa ta ciki.

Tsatsar kan keke da sandunan birki tana fita da soson ƙarfe da kananzir. Batun fenti, ni dai ban ga amfanin shafe baƙin fentin asali ba in da sauransa. Wanki da ɗan mai sun ishe shi. Wanda ya matsa sai ya sake, ya rufe tambarin zalɓen kafin a fesa. Sirdin fata irin na Brooks in ya bushe, a shafa masa man kaɗanya kaɗan ta ƙasa, a bar shi ya sha kafin a taɓa notin da ke miƙar da shi.

Wajen haɗawa a sa giris, ba baƙin mai ba, domin ƙurar hunturu da baƙin mai in sun haɗu cin ƙarfe suke yi. A ɗaure boris har taya ta daina girgiza amma tana juyawa da kanta. A gwada birki kafin a ɗora kaya, kuma bayan mako guda ana hawa a sake matsa ƙusoshin feda, domin a lokacin ne suke sakewa.