Filin Manoma: Faifan Birkin Keke, Zaɓensa da Kiyaye Shi

Keke ya daɗe da zama jakin manomi. Shi ke kai taki gona, shi ke kawo amfani kasuwa, shi ke kai akawu ofis. Buhun takin zamani kilo 50 ne. In aka ɗora shi bisa kariya, ga nauyin mahayi, ga gangara, ga taɓon damina, ran mutum da dukiyarsa duk sun rataya ga birki.

Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix birkinsu roba ce mai matse bakin ƙarfen ƙafa, kuma in ruwa ya jiƙa wurin ba ta kamawa sosai. Yanzu kuwa ana samun wani iri a kasuwa, yawanci na gwanjo, mai faɗin taya da giya da yawa, watau keken hawan dutse. An fara shi a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, birkin faifai kuma ya bazu a kansa daga ƙarshen shekarun 1990. Faifan nan na ƙarfe ne, a tsakiyar ƙafa ake ɗaura shi, wasu 'yan ɓarori biyu da masu gyara ke ce wa fad su ke matse shi. Da ya ke yana nesa da ƙasa, taɓo bai cika damunsa ba. Amma yana da nasa sharuɗɗa.

Girman faifai

Waɗanda aka fi gani su ne mai faɗin milimita 160, da 180, da 203, watau wajen inci 6, da 7, da 8. Ana rubuta girman a jikin faifan. Babba ya fi ƙarami kamawa, don dalilin da ya sa sifana mai dogon hannu ta fi gajera kwance noti. Mai 180 ya fi mai 160 ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin takwas, kuma ya fi shi jimirin zafi.

Akawun da ke zirga-zirga a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano, 160 ya ishe shi gaba da baya. Manomi mai ɗaukar kaya, ko mazaunin ƙasar tuddai kamar Jos, ya fi kyau ya sa 180 a gaba, gama ƙafar gaba ita ke ɗaukar yawancin aikin tsayawa. Sai dai ba a ƙara girma haka kawai. Lalle ne a sa wani ɗan ƙarfe da zai ɗaga mazaunin birkin ya dace da sabon faifan, kuma kowane keke yana da iyakar girman da masu ƙera shi suka yarda.

Maɗauri da fad

Maɗauri iri biyu ne. Akwai mai ƙusoshi 6, akwai kuma wanda kamfanin Shimano na Japan ya fito da shi, Center Lock, mai haƙora a tsakiya da zobe guda da ke kulle shi. Mai ƙusoshi 6 yana hawa cibiyar Center Lock in an sami abin haɗi, amma faifan Center Lock ba ya hawa cibiya mai ƙusoshi. Saboda haka mai hankali ya kan tafi kasuwa da tsohon faifansa a hannu.

Fad ma iri biyu ne, mai laushi da na garin ƙarfe. Mai laushi bai cika ƙara ba, amma ya kan ƙare da wuri cikin taɓo. Na ƙarfe ya fi daɗewa, ya fi jimirin zafi, sai dai ya fi cin faifai. Waɗansu fayafai masu araha an rubuta a jikinsu cewa fad mai laushi kaɗai su ke ɗauka. Wanda bai iya karanta rubutun ba ya sa a karanta masa kafin ya biya.

Ɗaurawa

Akwai 'yar kibiya a jikin faifai mai nuna inda zai juya. A bi ta. Ƙusoshin nan 6 kansu kamar tauraro ne, mabuɗinsu T25, kada a dame su da wani. A ɗaure su kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na daura da shi, har su kamu duka. Sabon faifai ba ya kamawa sosai sai ya saba da fad. A sami fili, ba kaya, a ɗan yi gudu, a matsa birki har a komo tafiyar ƙafa ba tare da an tsaya cik ba. A yi haka kamar sau 20.

Mai shi ne babban abokin gaba

Al'ada ce in ƙarfe ya yi ƙara a ɗiga masa mai. Nan kam wannan al'ada tana iya kashe mutum. Ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata birki, gama fad ya kan sha mai kamar soso, kuma wanda ya sha sai dai a sake shi. In za a sa wa sarƙa mai, a rufe faifan baya da tsumma. Kada a riƙa taɓa fuskarsa da hannu mai maiƙo. A goge shi da sifirit na kyamis da tsumma mai tsabta, kada a kusance shi da kananzir ko gas. In an dawo daga gona a wanke taɓo da ruwa, musamman in taki ya zuba, don taki yana cin ƙarfe.

Lanƙwasa da zafi

Faifai siriri ne. Jingina keke bisa dutse, ko danne shi da buhuna a bayan mota, ya isa ya lanƙwasa shi. Alamarsa ita ce ƙarar shafa sau ɗaya a kowane juyi. A ɗaga ƙafar, a juya ta, a sa farar takarda ƙasa don a ga inda ya ke taɓa fad, sa'an nan a kama wurin da sifana mai tsabta a miƙe shi a hankali. Wanda ya tsage ko ya karkace ƙwarai ba shi da gyara. A kuma lura kada igiyar ɗaure kaya ko harawa ta sarƙe shi.

A doguwar gangara kada a riƙe birki ɗaya tun daga sama har ƙasa. A matsa duka biyu, a saki, a sake matsawa. Faifan ya kan yi zafin da zai ƙone fata, don haka a hana yara taɓa shi, balle sa yatsa cikin ramukansa yana juyawa. In birkin mai aiki da ruwan mai ne, kada a matsa hannunsa sa'ad da aka cire ƙafa, don fad zai haɗe.

Ranar sakewa

Sabon faifan Shimano kaurinsa milimita 1.8 ne, in ya komo 1.5 ya ƙare. Kowane kamfani yana buga tasa iyaka a jikin faifai, makanikai kuma suna da ma'aunin kauri. In babu ma'auni, a bi da farce: in an ji tudu tsakanin inda fad ke ci da inda ba ya kaiwa, lokacin awo ya yi. Fad kuwa, in abin da ya rage bai kai milimita 1 ba, a sake shi kafin ƙarfen bayansa ya kai ga faifai.

Mai sayen keken gwanjo ya duba duk waɗannan tun a gaban mai sayarwa, ya cire kuɗin sabon faifai cikin ciniki in ya ga ya sirance. Kullum da safe kuma, kafin a ɗora kaya, a matsa birki biyu a tura keken gaba. In ya ƙi motsi, a hau. In ya sulale, a ajiye buhu a nemi mai gyara, gama kuɗin faifai bai kai na jinyar karaya a tsakiyar noma ba.